Dariya da Karin Harshe: Daga Katunan 'Yan Ƙwallon Amurka Zuwa Bakin Makaɗan Zamfara

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ba su ƙarasa mana ba shi ne, da zarar tsuntsu ya yi kukan gidansu a wani gida, sai 'yan gidan su kwashe da dariya. Wannan dariya kuwa tana da tarihinta, kamar yadda sarauta da yaƙi da fatauci suke da nasu, sai dai ba kasafai masana suke waiwayarta ba, domin suna ɗaukarta wasan yara. A wannan maƙala muna so mu bi sawunta a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda ake yin irin Hausar da mutanen gabas suke kwaikwaya idan suna neman raha. Amma kafin nan za mu ɗan leƙa Amurka, domin a can akwai wata al'ada da ta adana irin wannan barkwanci a kan takarda fiye da shekara ɗari, kuma idan muka dubi tasu za mu fi gane tamu.

Katin taba da katin cingam

Amurkawa suna da wani wasa da suke kira besbol, wanda ake jefa ƙwallo ana maka mata kulki, sa'an nan a zaga fili da gudu. A shekarun 1880 kamfanonin taba, irin su Allen & Ginter da Goodwin, suka shiga cusa wani ɗan kati a cikin kwalin sigari domin ya tokare kwalin kada taba ta karye. Da suka ga katin bai kamata ya tafi fari fat ba, sai suka riƙa buga hotunan 'yan wasa a kai. Nan da nan yara da manya suka hau tara su suna musaya. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin katuna fiye da 500, a cikinsu har da na wani gwani mai suna Honus Wagner, wanda ba a buga da yawa ba. A 2022 an sayar da ƙwaya ɗaya daga cikin katunan nasa a kan dala miliyan 7.25. A wannan shekara dai aka sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6.

Daga baya sana'ar ta koma hannun masu cingam. A 1938 kamfanin Goudey ya fitar da wasu katuna da aka ɗora hoton kan ɗan wasa na gaske a bisa zanen ɗan ƙaramin jiki mai ban dariya, wasu kuma aka kewaye su da ƙananan zane-zane da gajerun maganganu. A shekarun 1950 kamfanin Topps na Burukulin ya daidaita tsarin da aka fi sani: gaban kati hoto, bayansa kuma lissafin bajintar ɗan wasa da ɗan zanen barkwanci. Shi ne kuma kamfanin da ya riƙa yin cingam ɗin Bazooka mai ɗan zane a naɗe a ciki, wanda ya iso har kasuwanninmu.

Barkwancin waɗannan katuna iri biyu ne. Na farko wasa ne da kalma. A lafazin Ingilishi, kalmar da ake kiran ƙwallon da ta kauce wa fili da ita ta yi daidai da kalmar kaza, don haka sai mai zane ya zana ɗan wasa yana fama da kaza. A ƙa'idar wasan kuma akwai abin da suke kira sata, wato ɗan wasa ya faki ido ya ruga zango na gaba, sai a zana shi da buhu a kafaɗa ɗan sanda yana bin sa. Na biyu kuwa kwaikwayon bakin mutane ne. A katunan talla da hotunan bango na ƙarshen ƙarni na 19, an riƙa rubuta Ingilishin baƙin haure Jamusawa da 'yan Ailan a karkace domin a yi dariya. Wanda ya fi muni shi ne abin da aka yi wa baƙar fata, kamar a jerin zanen nan na kamfanin Currier & Ives da aka kira Darktown, inda aka mayar da su wawaye masu karyayyen harshe, a daidai lokacin da ake rufe musu ƙofar manyan ƙungiyoyin wasan. Ƙofar ba ta sake buɗewa ba sai a 1947, da Jackie Robinson ya shiga. Ashe ke nan a kati ɗaya ana iya samun raha, ana kuma iya samun raini.

Namu katin a baki yake

Mu a ƙasar Hausa ba mu yi katin 'yan wasa ba, amma duk abin da ke jikin katin nan muna da shi tun kafin a san taba sigari. Idan kaka ta yi aka kafa dandalin dambe ko kokawa a gefen kasuwa, ɗan wasa yakan fito ya yi kirari, ya ambaci mazajen da ya kayar da garuruwan da ya kayar da su. Wannan shi ne lissafin da Amurkawa suke bugawa a bayan kati. Makaɗi kuma yakan siffanta gwaninsa har wanda bai taɓa ganin sa ba ya ji kamar ya san shi. Wannan shi ne hoton. Wa ya ga Shago da Ɗandunawa a cikin matasan yau? Amma albarkacin Muhammadu Bawa Ɗan'anace, har yanzu sunayensu suna bakin jama'a.

Zanen barkwancin kuwa shi ne zambo da habaici, kuma a wannan fage ƙasar Zamfara ba ta da na biyu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya tashi a gidan kiɗa tare da yayansa Kurna a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun, ya kuma rasu a 1991 bayan ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da sarakuna da dama waƙa. Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, daga Faru ta ƙasar Maradun ya fito, kuma ubangidansa shi ne Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya yi hakimci a Talata Mafara a shekarun 1950 kafin daga bisani ya zama Sarkin Musulmi a 1996. A arewa da su, a ƙasar Isa, ga Ibrahim Narambaɗa. Duk wanda ya saurari waɗannan makaɗa ya san yadda suke yi da abokin hamayyar ubangidansu. Ba sa kama suna. Sai su ɗauki wata alama ta jikinsa ko ta halinsa, tsawo ko gajarta, rowa ko kwaɗayi, su faɗaɗa ta, su sa masa rigar wata dabba, har duk wanda ke fada ya gane wanda ake nufi, shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Wannan fa shi ne ainihin aikin mai zanen barkwanci, bambancin kawai shi ne ɗaya da alƙalami yake yi, ɗaya da kotso ko taushi.

Ban da makaɗan fada, akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai suna juya shi ya koma zancen tuwo da miya. Akwai 'yan gambara masu sakin baki a kasuwa. Akwai wawan sarki, akwai kuma yara masu tashe a watan azumi, waɗanda suke kwaikwayon tsoho da boka da baƙo. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan gwanaye a ƙasar Zamfara da Hausar gidansu suke yin barkwancinsu. Karin harshen shi ne makamin da ake dariya da shi. Bai zama abin da ake yi wa dariya ba tukuna.

Abin da ya bambanta bakin Mafara

Masu nazarin harshe suna sa Zamfarci cikin rukunin Hausar yamma, tare da Sakkwatanci da Gobiranci da Kabanci. Inda Bakano zai ce fara, mutumin Maradun zai ce hwara. Inda za a ce tafi da kifi, sai ya ce tahi da kihi. Yakan ce munka zo, sunka tahi, anka yi. Yakan ce gida nai da riga tai maimakon gidansa da rigarsa. Yakan ce wanga yaro ɗan Bakura na, wagga mata 'yar Mafara ta, inda gabas za a ce ne da ce. Yakan nauyaya baƙi ya ce kassuwa da hulla, ya ƙirga huɗu, biyat, shidda. Idan bai ji ka ba, sai ya ce mi kac ce?

Inda dariya ta fi samun ƙofa shi ne wajen kalmomin da suke da lafazi kusan ɗaya amma ma'ana daban. Idan Bazamfare ya ce maigida shina kwana da rana tsaka, nufinsa barci yake yi, Bakano kuwa sai ya tsaya yana duban rana. Idan ya ce ɗiya nai biyat, 'ya'yansa yake nufi maza da mata, amma a Kano sai a ɗauka duk mata ne. Idan ya ce ya sayi bisa, dabba ya saya. Idan ka aike shi ya sayo maka gujjiya, gyaɗa zai kawo maka, domin abin da Kano take kira gurjiya shi ƙwaruru yake ce masa. Mussa ita ce kyanwa, habɗi shi ne toka, haki shi ne ciyawa.

To, ga wani abu da ya kamata masu dariyar su sani. Tun a ƙarshen shekarun 1920 wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa a kalmomi irin su zamna da zauna, amre da aure, sabka da sauka, siffar yamma ita ce ta asali. A gabas ne baƙin da ke ƙarshen gaɓa ya narke ya koma wasali. Wato idan tsohuwar Bakura ta ce zamna, ba gurɓata Hausa ta yi ba. Ita ce ma ta riƙe abin da jikokin Bagauda suka saki.

Zamanin da yamma take da alƙalami

A wajen shekarun 1760 Gobirawa a ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa, Zamfarawa kuma suka watsu zuwa kudu, sarautarsu ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. A cikin wannan hali ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi, kuma Faru tana cikin wuraren da ya zauna. Bayan jihadin 1804, rubutattun waƙoƙin Hausa na ajami da suka fito daga gidan Shehu, irin na Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa, da Hausar yamma aka tsara su. Da ita almajirai suka haddace su daga Gwandu har Adamawa.

Tasirin wannan ya daɗe ƙwarai. Har a ƙarni na 20, mawaƙan da ba su da alaƙa da yamma ta wajen haihuwa, a Zariya da Bauci da Haɗeja da Kano, sukan ari munka da sunka da anka a cikin baitocinsu, wani lokaci don awon waƙa, wani lokaci don martabar da kunne ya saba ji a tattare da su. A wancan zamani, wanda ya yi magana da bakin yamma, da bakin malamai da masu mulki ya yi.

Ranar da boko ya zaɓi Kano

Juyin ya zo ne da Turawa. Da suka ƙudura rubuta Hausa da baƙaƙen boko, dole su zaɓi kari ɗaya, sai suka zaɓi na Kano, cibiyar ciniki, inda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito, kuma ko da yake ya tattara kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir masu yawa, sai ya sa musu alamar da ke nuna na wani yanki ne. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya, littattafai biyar ne suka yi fice, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kuma babu ɗaya daga cikin marubutansu da ya fito daga Lardin Sakkwato. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a 1955 kuma aka kafa Hukumar Harshen Hausa. Ta haka daidaitacciyar Hausa ta kafu.

Ba muna cewa wannan zaɓi laifi ba ne. Duk harshen da zai shiga makaranta da jarida yana bukatar ma'auni ɗaya, kuma mutanen yamma ba su zauna a baya ba. Lardin Sakkwato ya samu jaridarsa mai suna Zaruma a zamanin hukumar NORLA, kuma Alhaji Abubakar Tunau Mafara ya rubuta Wasan Marafa a shekarun 1940, wanda ake lissafawa cikin wasannin kwaikwayo na farko da Bahaushe ya rubuta da boko. Amma zaɓin ya haifar da abin da ba a nufa ba. Yaron Bakura da ya rubuta munka tahi a littafin aji, sai malam ya ja masa jan layi. Daga jan layi sai yaro ya fahimci cewa bakin uwarsa kuskure ne. Daga nan kuwa zuwa abin dariya ba nisa.

Da rediyo da talabijin suka zo, sai kwaikwayon baki ya zama babbar hanyar ba da dariya. Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, ya yi shekaru yana nishaɗantar da jama'a da Hausar bariki. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo suka cika da Bagware da Bayarabe da Bafillace da Basakkwace, kowa da irin bakin da aka ɗora masa. Sau da yawa idan aka fito da mai cewa hwaɗi da shina, to, ko dai maigadi ne, ko baƙauye da ya shigo birni ya ruɗe, ko mai saurin fushi. Da wuya a ba shi matsayin likita ko alƙali ko saurayin da labari yake kansa.

Tsakanin wasa da raini

Wani zai ce ai Bahaushe ya gaji barkwanci, don me za a ɗauki abin da zafi? Gaskiya ne mun gada. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zazzagawa, da Katsinawa da Nufawa, ban da na taubasai da na jika da kaka. Amma wannan wasa yana da sharaɗi. Na farko, ana yin sa ne ido da ido, wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Na biyu, a ƙarƙashinsa akwai amana, domin abokin wasanka ba ya cutar ka, kuma idan ka shiga uku shi ne mai tsaya maka. Shi ya sa dariyar Samanja ba ta yi wa soja ciwo ba, domin shi kansa tsohon soja ne, daga cikin gida yake wasan.

Takarda da faifai da majigi kuwa ba su san wannan sharaɗi ba. Wanda aka zana ba ya iya ramawa, kuma zanen yana nan bayan mai zanen da wanda aka zana duk sun shuɗe. Wannan shi ne darasin katunan Amurka. Wasan kaza da buhun sata har yau suna ba jikokin masu tara katin dariya, amma zanen da aka yi wa baƙar fata ya zama abin kunyar da ake nuna wa ɗalibai domin su ga yadda raini yake shigar burtu da rigar wasa. Ma'aunin da za mu riƙe ke nan: idan da wanda ake kwaikwaya yana zaune a wurin, zai yi dariya tare da mu, ko kuwa zai sunkuyar da kai?

Abin da ya rage gare mu

Akwai wani darasi na biyu, wanda ya fi na farko gaggawa. Ɗan katin da aka yi domin tokare kwalin taba ya rayu fiye da shekara ɗari saboda takarda ce, an kuma sami masu adanawa. Namu kuwa a baki yake, kuma baki yana tafiya da mai shi. Abin da muke da shi na Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Narambaɗa, albarkacin faifan garmaho ne da taskokin Rediyon Kaduna da Rima, da kuma ƙoƙarin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza. Amma kirarin ɗan damben ƙauye, da zambon makaɗin noma, da ba'ar da mata suke yi a wajen daka, da wasan 'yan kama a kasuwar Talata, wa ya ɗauke su? Ga shi kuma tun daga shekarun 2010 ta'addancin 'yan bindiga ya tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Maradun da Bakura da Mafara. Tsohon da ya yi gudun hijira zuwa Gusau ko Sakkwato ko Kano ya tafi da kalmominsa, jikansa kuma zai tashi da bakin inda ya sami kansa.

Don haka muna ganin akwai aiki a gaban marubuta, musamman 'yan jihar Zamfara, wadda ta samu kanta tun 1 ga Oktoba 1996. Ya kamata a bi tsofaffi da na'urar ɗaukar magana, wadda yanzu take cikin aljihun kowa, a tattara kirari da habaici da kalmomin noma da kiwo da su, a rubuta su yadda aka faɗe su ba tare da an yi musu kwaskwarimar Kananci ba. Ya kamata a yi tunanin ƙamus na Zamfarci, ko da ƙarami ne. Marubucin labari kuma yana iya riƙe daidaitacciyar Hausa a wajen ba da labari, amma ya bar taurarinsa su yi magana da bakin garinsu, kuma ya ba mai cewa munka da sunka matsayin mai hankali da mai soyayya da mai ilimi, kamar yadda yake a rayuwa. Masu zane su ma fage a buɗe yake gare su, domin babu abin da zai hana a buga hotunan 'yan dambe da 'yan kokawarmu da kirarinsu a baya, da ɗan zanen da zai sa yaro dariya ya kuma sa shi tambayar kakansa ma'anar wata kalma.

Ba muna kira a daina dariya ba ne. Al'ummar da ta haifi Ɗanƙwairo ba za a koya mata raha ba, kuma Bazamfare ya fi kowa iya mayar da martani idan aka ba shi fili. Abin da muke nema shi ne a ba shi filin, a takarda da majigi, kamar yadda yake da shi a dandali. In an yi haka, Bakano ya ce masa mai hwara, shi kuma ya tambaye shi inda ya kai baƙin da ke cikin zamna, kowa ya dara, a tashi ba wanda ya ji ciwo.